Littattafai Uku a Rigunan Aro

3 ga wata

Auta ƙanwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Mama. Ina fatan ƙafarta ta daina kumburi, kuma kina tuna mata maganin hawan jini kowace safiya, don na san ta, in ta hau keken ɗinki mantawa take yi da kanta. Ni lafiya ƙalau, sai ciwon wuya saboda yawan sunkuyo.

Aiki na kawo miki. Kundin digirina ya zo gangara, na gama duka babi biyar. Abin da ya rage shi ne manazarta, wato jerin littattafai da mujallun da na ɗebo magana daga cikinsu. A ƙarshen kundi ake saka shi, don duk mai son bin sawu ya ga ba daga kaina na ƙago ba. Malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Jan Biro in ya ba da baya, ya fi matsa wa wannan jeri fiye da kundin kansa. Waƙafi ɗaya ya ɓace, sai ya zagaye miki shafin gaba ɗaya.

Guda arba'in da ɗaya na same su a ɗakin karatu na nan. Uku ne suka gagare ni, su ne nawa na kaina da na baro a gida. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da nake tsakuro magana daga cikinsu, ƙiwa ta hana ni rubuta sunayensu. Abin da ke jikin katunan da na yi rubutu a kai kawai shi ne "kore, shafi 214", "ja, shafi 37", da makamantansu. Na ce ai nawa ne, ina za su je?

Suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Za ki gane su da rigunan da Mama ta ɗinka musu da ragowar yadi: koriya, ja, shuɗiya. Ki buɗe shafin farko na kowanne da bayansa, ki kwafo mini sunan marubuci (na ƙarshe tukuna, sai harafin farko na sunansa), shekara a cikin baka, sunan littafi ki ja masa layi, garin da aka buga shi, da maɗaba'a. Ki rubuta launin rigar a saman kowanne don in san wanda ya dace da wane kati. Harafi da harafi, Auta. Kada ki gyara musu, kada ki yi musu kwalliya.

Da a ce a turo littattafan ne, kaya kan yi wata a hanya, wasiƙa kuwa kwana biyar. A wayar Mama kuma ba za mu iya da waɗannan sunaye ba, sai mu kwana muna "me kika ce?"

Ki gaida Mama, ki ce ina nan tafe da hutun ƙarshen zango da zarar na kare kundin a gaban malamai.

Yayarki

*

9 ga wata

Yayata ta kaina,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso jiya da hantsi, Mama ta sa na karanta mata farkonta sau biyu. Ƙafa ta yi sauƙi. Magani tana sha in na tsaya a kanta, in na juya kuwa sai ta tura shi ƙarƙashin zare. Ta ce in gaya miki ciwon wuya ba ya kashe mutum, amma ki dinga sa filo.

Ni ma lafiya. A makaranta ba wani labari, sai dai ranar Alhamis malamar lissafi ta tashe ni, na san amsar sarai, amma muryata ta ƙi fitowa. Na tsaya kamar an dasa ni har ta ce in zauna. Da na zauna sai amsar ta dawo tana yi mini dariya.

Na jawo akwatin. Yaya, ƙura! Na yi atishawa har Mama ta leƙo daga shago ta ce ko ɓera nake farauta. Na ɗan sha wahala kafin in gane su, amma ga su a takardar da na liƙa: kore, ja, shuɗi, kowanne da launinsa a sama. Na kwafa a hankali da fensir, na duba, sannan na bi da biro. Layin da na ja da rula na ja shi.

Kin lura mai jar riga mutum biyu ne suka rubuta shi, kuma sunansu na ƙarshe ɗaya ne? Na daɗe ina kallon sunayen nan biyu a jere. Na ce ko miji da mata ne. Ko a ɗakin gwaje-gwaje suka haɗu, ita tana riƙe da kwalbar ruwan rijiya, shi ya zo wucewa ya bangaje ta, ya tsaya yana ba ta haƙuri, ita kuma ta kasa ɗago kai. Shekara bakwai bayan nan sai ga sunayensu a shafi ɗaya, "da" kawai a tsakani. Kada ki yi mini dariya. Ban sa wannan a takardar ba, na san kin ce ba kwalliya.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Ashe kowace magana da ke cikin kundi sai an faɗi gidan ubanta? Ni na ɗauka in magana ta yi wa mutum daɗi ya ɗauke ta ke nan. Wannan manazarta taku kamar jerin dangi ce a ranar rabon gado, kowa sai an kira sunansa.

An yi ruwa yau da la'asar, na zauna bakin tagar ɗakinki ina kallon yadda yake sauka daga indararo. Na share miki ɗakin, na wanke labule. Sauran kwana nawa ne hutun?

Taki,
Auta

*

20 ga wata

Auta,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni da sauƙi.

Takardarki ta iso, na sa su a jeri, na miƙa kundin. An sami matsala a kan littattafan nan uku. Ba zan iya bayani yanzu ba.

Kada ki ƙara taɓa akwatin nan. Ki bar komai yadda yake. Kuma kada ki gaya wa Mama komai.

Yaya

*

2 ga sabon wata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu, ba wani abu ba. Kwana goma sha uku ke nan ina leƙa akwatin wasiƙu na ƙofar ɗakunan kwananmu, har mai gadi ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Da na kira ranar Lahadi Mama ta miƙa miki waya, "lafiya lau" kawai kika ce sau uku kika mayar mata. Me na yi miki?

Na sake tuna abin da na rubuta miki, na ga ya yi gajarta. A tsaye na rubuta shi a baranda. Bari in yi miki bayani yanzu.

Jan Biro ba ya sa hannu a kundi sai ya zaɓi wasu daga cikin manazarta ya bi sawunsu da kansa. Ya nemo bayanin koren littafin, ya ga shafinsa 168 ne duka-duka. Ni kuwa na ce na ɗauko magana daga shafi 214. Ya samo kwafin mai jar riga wurin wani abokinsa, ya buɗe shafi 37, ya tarar da taswira. Ya kira ni ofis, ya ajiye kundin a gabana, ya ce, "Malama, ko dai marubutan nan sun yi miki wahayi ne, ko kuwa ke kika rubuta maganar kika rataya musu."

Kin san nauyin wannan magana? Ba kuskuren waƙafi ba ne. Zargi ne cewa na ƙirƙiro hujja na jingina wa mutane. An kai sunana gaban kwamitin ladabtarwa na sashe, za su zauna ranar 16. In suka yarda da zargin, kundin ya mutu, shekara biyu ta tafi, kuma abin zai zauna a fayil ɗina duk inda na je neman aiki.

Abin da ya sa na ce kada ki taɓa akwatin, ina tsoron wani abu ya ɓace kafin in san abin yi. Mama kuma jininta nake ji.

Na san rubutunki, ba kya tsallake harafi. Don haka nake ganin ni ce na rikita lambobin shafi tun farko. Ga kwafin katunan guda tara, uku-uku ga kowane launi, da maganganun yadda na kwafo su. Ki buɗe akwatin, na janye waccan magana. Ki nemo mini kowace jimla a littafinta, ki gaya mini shafin gaskiya. Aiki ne mai cin rai, na sani, Turancinsu ba na mutane ba ne. Amma ba ni da kowa a kusa da akwatin nan sai ke.

Ki amsa ko da layi biyu ne.

Yayarki

*

7 ga wata

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Mama lafiya, ni ma jikina lafiya. Wasiƙarki ta iso ɗazu, ina amsawa kafin a rufe gidan waya, don in na bari har gobe na san ba zan iya ba.

Ba ke kika rikita shafi ba. Ni ce.

Kin tuna bara da sakamakona ya faɗi, Mama ta ce kada ta ƙara ganin littafin soyayya a gidan nan? Na daina na sati biyu. Sai ƙawata ta aji ta kawo wani, na karanta babi ɗaya a lokacin hutun tara, na kasa haƙuri. Na rasa inda zan ɓoye shi. Ranar ina shara a ɗakinki na jawo akwatin, na ga rigunan nan da Mama ta ɗinka, masu aljihu ciki da waje inda bango ke shiga. Na tuɓe wa guda ɗaya, na yanka kwali daidai girmansa, na sa nawa a tsakiya. Ya zauna kamar don shi aka ɗinka. Daga ɗaya na koma uku. Shekara guda ke nan ina zama a shago a gaban Mama da koren littafi a cinya, masu kawo ɗinki suna cewa, "Kai, wannan ma sawun yayarta za ta bi."

Da wasiƙarki ta farko ta zo, na buɗe akwatin na tarar da masu kaurin bango guda biyar, duk tsirara, duk ruwan toka, kusan girmansu ɗaya. Na kasa tuna wa ke da wace riga. Na gwada musu ɗaya bayan ɗaya, wanda riga ta fi zama a jikinsa na ce shi ne mai ita. Haka na yi, Yaya. Da awon riga na yi miki manazarta. A raina na ce ai duk littattafanki ne, duk maganar ruwa da ciwon yara suke yi, ba wani bambanci.

Da gajeriyar wasiƙarki ta zo, na karanta "kada ki ƙara taɓa akwatin nan", na ce shi ke nan, kin gano. Na karanta "kada ki gaya wa Mama", na ce kin bari ne sai kin zo ki gaya mata da bakinki. Ba ki ce "ƙanwata" ba, ba ki ce "Yayarki" ba. Na ƙirga kalmominta. A littattafan da nake karantawa, in wasiƙa ta yi gajarta haka, an rabu ke nan. Na fara amsa sau huɗu ina yagawa. Ranar Lahadi Mama tana zaune gwiwarta tana taɓa tawa, in na ƙara kalma ɗaya a kan "lafiya lau" kuka zai biyo ta.

Da na yi magana tun ranar, da yanzu kina da kwana goma sha uku a hannu. Wannan ya fi rigunan ci mini rai.

Ban ce ki yafe mini ba tukuna, ban kawo komai ba. Na ajiye katunan tara a kan gadonki, na jera littattafan biyar. Zan fara yanzu.

Auta

*

9 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, har da jinin Mama, an auna yau. Na faɗi wannan da farko saboda abin da ke tafe.

Wannan ambulan da saƙon gaggawa na aiko shi, ma'aikacin ya ce kwana uku. A ciki akwai takarda goma sha biyar da teburin da na zana da rula: lambar kati, farkon jimla, ainihin littafi, shafi.

Lambobin shafinki duk daidai suke, ko ɗaya ba ki kuskure ba. Na ɗauki katin "ja, shafi 37", na buɗe shafi 37 a duka biyar ɗin. A na uku na sami jimlar, kalma da kalma, a sakin layi na biyu. Wallahi sai da na ji kamar na haɗu da wani da na daɗe ina jira a tasha. Ashe ainihin mai jar riga shi na sa wa shuɗiya. Ainihin shuɗin kuma yana kwance a akwati, ban ba shi riga ba sam. Miji da matan nan da na yi ta yi wa aure, ba su ma cikin kundinki. Kafin azahar ta jiya na gama kati shida.

Sai kore. Na buɗe 214 a duk wanda ya kai 214, babu. Na bi su shafi-shafi ko an sami kuskure, babu. Na juye akwatin, na leƙa bayan kabad, na ɗaga katifa. Koren ba ya ɗakin.

Mutum biyu ne a gidan nan. In ba ni na ɗauka ba, kin san wa ya rage.

Na tsaya a ƙofar shago na kai minti goma. Tana kafa hannun riga, allura uku a bakinta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, in tsayuwa kike sayarwa, ban da canji."

Na ce, "Mama, ko kin ga wani littafin Yaya?"

"Wanne? Yayarki ai littafi ya fi kayan sawarta yawa."

"Mai koriyar riga."

Ta tsayar da keke. Ta cire allurai ɗaya bayan ɗaya ta soke su a matashi. Ta ce, "Mai koriyar riga. Ba shi ne kullum a cinyarki ba?"

Yaya, ƙasa ba ta tsage ba, na roƙe ta. Na koma ɗaki na kwaso nawa guda uku da kwalayensu, na ajiye a kan teburin yanka, na faɗa mata komai, har kwamiti, har ranar 16. Na san kin hana. Amma ba yadda zan nemi littafin ban faɗi dalili ba, kuma na gaji da awon riga.

Ta ɗauki ɗaya ta kalli hoton bangon, ta juya shi, ta kife. Ta ce, "Ni dai na ce ikon Allah, yarinya tana karanta zawon jarirai tana murmushi, wani lokaci har da share hawaye. Na ce ko tausayi ne ya yi mata yawa." Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Naki mai sauƙi ne, za mu zo kansa. Ita waccan, uwar wa ta mayar da ni da za a kai ta gaban kwamiti a ɓoye mini? Jinina nawa ne ko nata?" Ki shirya, Lahadi za ki ji sauran.

Sannan ta ce, "Kama nan." Muka ɗaga teburin keke. Littafin yana ƙarƙashin gajeriyar ƙafar nan ta baya. Ta ce watannin baya ta shiga neman abin da zai hana keke rawa, ta buɗe akwatin, ta bar masu riga a zatonta su ne masu muhimmanci, ta ɗauki tsirara guda. Da ban tuɓe shi ba da ba ta taɓa shi ba. Ƙafar tebur ta yi masa rami a bango, man keke ya shiga gefen shafukan farko, amma rubutu duk yana karantuwa. Shafi 214, jimlarki tana nan, har da ɗan layin fensir ɗinki a gefenta.

Mama ta rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta sa ni gaba zuwa shagon fotokwafi na bakin titi. A ƙofa ta tsaya ta ce, "Ke kika tuɓe su, ke za ki yi bayani." Akwai mutum huɗu a layi. Matar da ke kan injin ta ce, "Me za a yi, 'yan mata?" Muryata ta fara irin halinta. Na kalli littattafan na ce, "Shafin suna da bayansa na kowanne, da shafuka tara da na sa wa takarda. Lambar shafi ta fito, don Allah." Biyu suka fito lambar ta yanke. Na ce a sake. Ta kalle ni, ta sake.

Littattafaina suna cikin durowar keke, an kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanen Mama sai bayan jarrabawa. Ɗaya saura babi biyu in gama. Keken kuma yanzu katako aka sa masa.

Ki nuna musu wasiƙata ta shekaranjiya in zai taimaka. Ba komai in sun yi dariya.

Ƙanwarki,
Auta

*

17 ga wata

Auta ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida ku da kyau. Ki ce wa Mama kunnena bai huce ba tun Lahadi, kuma na karɓi laifina. Ni lafiya, na yi barci jiya irin wanda na manta da shi.

Saƙonki ya iso ranar 13, kwana ɗaya bayan wasiƙar tonon asiri. Waccan ranar da ke tsakani ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na rubuta miki shafi biyu, suna nan a kwandon shara.

Jiya aka zauna. Malamai uku a dogon tebur, ni a kujera ɗaya a gabansu. Na ajiye katunana na asali, na ajiye fotokwafinki, na ajiye teburinki. Shugabar kwamitin ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tara cif. Ta tambayi yadda aka yi sunaye suka sauya. Ban nuna wasiƙarki ba, taki ce. Na ce da launin riga na rubuta katunana, rigunan kuma suka sauya jiki a gida. Jan Biro ya cire tabarau ya ce, "Launi ba marubuci ba ne, Malama. Kore bai taɓa wallafa komai ba." Har sakatare ya yi dariya. Gaskiyarsa ce. Ke kin tuɓe riga, amma ni na bar hujjata a jikin yadi shekara biyu.

Sun janye zargin. Ba abin da zai shiga fayil ɗina. Amma sun ce sakaci ne, sai na sake bin duka arba'in da huɗun, kowanne da shaidar shafinsa, kuma na rasa zaman kare kundi na wannan zango. Sai na gaba, wata uku. Don haka ba zan zo hutun nan ba. Ki adana labulen, kada ya yi ƙura a banza.

Ga sabon jerin na buga. Na 12, na 29 da na 40 su ne naki. Ki duba mini su da littattafan a hannu, don cika ƙa'ida kawai, daga fotokwafinki na kwafo su.

Na yafe miki. Ke ma ki yafe mini gajeriyar wasiƙa.

Yayarki

*

24 ga wata

Yayata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mama ta yi hamdala, da ta ji maganar wata uku kuma ta ce in ninke labulen in sa a leda. Na ninke. Wata ukun nan na san rabona a ciki, ba sai an auna mini ba.

Na duba. Na 12 daidai. Na 40 daidai, sai aya da ta ɓace bayan baka.

Na 29, koren, ba daidai ba ne.

Ki yi haƙuri, Yaya. A bayan shafin suna akwai shekaru uku a jere, kin ɗauki ta sama. Waccan ta bugun farko ce. Namu bugu na uku ne, ta ƙasa ce tasa, wadda man keke ya ɗan taɓa, shi ya sa ba ta fito sosai a fotokwafi ba. Na karanta gabatarwar, duka shafi huɗu, tunda ba ni da wani abin karantawa. Marubucin ya ce babi na tara a bugu na uku ya ƙara shi. Shafi 214 a babi na tara yake. A shekarar da kika rubuta, jimlarki ba a haife ta ba tukuna. In Jan Biro ya samo tsohon bugu ya buɗe, kujerar nan za ki koma.

Na sake zuwa shagon ni kaɗai, na sa an ƙara wa injin duhu. Ga shafin, ga gabatarwar, na ja layi a wurin. Ki sa shekarar ƙasa, ki rubuta "bugu na uku" bayan sunan littafi.

Na duba sau uku. Ba na tsammani ba ne, na tabbata. Ki gyara kafin ya gani.

Ƙanwarki,
Auta